Auren da Ya Jira Damina Biyu a Ƙasar Rabah

Samarin da suke shigowa wannan sana'a tamu yanzu, abin da idonsu yake gani shi ne rumfa a tsaye, kujeru a jere, lasifika tana tashi. Sai su ce ai wannan ba aiki ba ne, sayen kaya ne kawai. Wani har ya tsaya a bakin shagona nan Wurno ya ce mini, "Baba Arzika, ku kun huta. Ku kafa da safe, ku kwashe da marece." Na ce masa ya yi gaskiya, in dai ranar da komai ya tafi daidai yake nufi. Na fi shekara talatin ina kafa rumfar taro daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo, kuma irin wannan ranar ban ga da yawa ba. Kafawa kowa ya iya. Abin da ake kiranmu dominsa shi ne abin da za mu yi in iska ta ɗauke ta ana tsakiyar addu'a.

Na koyi aikin a hannun Baba Nomau, Allah ya jiƙansa. Tsohon direban babbar mota ne, mai ɗaukar albasa zuwa kudu. Da bayansa ya gaji da hanya sai ya ajiye tuƙi, ya riƙe tamfol ɗin mota guda uku, ya fara yi wa mutane inuwa a wurin biki. A lokacin babu waɗannan rumfuna na ƙarfe masu haɗe-haɗe. Itace ne da tamfol da zana, sai tabarmi da 'yan bencina.

Aikin farko da ya sake mini shi ne walimar wani Alhaji da ya dawo daga Makka, a Dinawa, tsakiyar damina. Ya tura ni tun da hantsi in zaɓi wuri. Na zaga ƙofar gidan, ko'ina tudu da kwari da kashin awaki, sai wani fili guda a gefe, yashinsa sumul kamar an share an yayyafa ruwa. Na ce to, Allah ya hutar da ni. Ina cikin buga turaku wata tsohuwa ta fito da ƙwarya a ka, ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Ɗan nan, nan za ka kafa?"

Na ce, "Nan, Inna."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ta wuce abinta.

Baba Nomau ya iso, ya dubi rumfar, ya dubi gabas, bai ce mini komai ba. Ya ce bari ya je ya gaida maƙwabcin Alhajin. Bayan azahar hadari ya taso. Ruwan bai ko yi ƙarfi sosai ba, amma duk abin da ya sauka a unguwar nan sai ya tattaro ya biyo ta ƙarƙashin rumfata. Tabarmi suka jiƙe, takalman baƙi suka kama hanyar rafi a jere. Ni ina tsaye da guduma a hannu ban san ta inda zan fara ba. Sai na ji Baba Nomau yana cewa a hankali, "Bismillah, jama'a, mu ƙarasa nan ciki." Ashe gaisuwar da ya je yi, aron zaure ya je yi. Zauren maƙwabcin babba ne, an share shi, an shimfiɗa tabarmi busassu da ya ɓoye a mota. Aka ƙarasa walima lafiya, Alhaji ya raba dabino da zamzam, wasu baƙin ma suka ɗauka haka aka tsara tun farko.

A hanyar dawowa ya ce, "Arzika, yashin wurin nan, wa ya share shi?"

Na ce, "Ruwa, Baba."

Ya ce, "Tsohuwar nan ta san haka tun ba a haife ka ba. Ka tambaye ta?"

Na ce ban tambaya ba. Na ce amma shi da ya gani tun da safe, don mi bai gaya mini ba?

Ya ce, "In na gaya maka, kafin kaka ka mance. Yanzu da ka tsinto takalman mutane ɗaya-ɗaya cikin laka, har ka tsufa ba ka mancewa."

Tun daga ranar ban taɓa buga turke a wani wuri ba sai na zaga shi da ƙafa, na tambayi mutanen wurin, kuma na san inda jama'a za su shiga in sama ta canza.

Akwai wani akwatin ƙarfe da na gada daga hannun Baba Nomau, muna ce masa akwatin ko-da, wato ko da wani abu ya faru. Ba a buɗe shi wajen kafawa. Duk abin da ke ciki na biyu ne: igiya ta biyu, makirfo na biyu, fulogin janareta, guntun waya, allurar ɗinkin buhu da zarenta don tamfol in ya yage, da ƙyallen tace fetur, domin man da ake saya a galan a bakin hanya ba ka san abin da ke gindinsa ba. Turakuna na sifirin ɗin mota ne, maƙeri ya fiƙe mini su. Na rodi suna lanƙwashewa a ƙasar Goronyo in ta bushe, suna kuma zamewa a yashin Lahodu in ya jiƙe. Lasifika kuwa ban yarda ta dogara da janareta kaɗai ba. Kullum da batirin mota a gefenta, cike da caji. Janareta yana da wata ɗabi'a: ba ya mutuwa lokacin da ake gwada sauti, sai lokacin da liman ya buɗe baki.

Sai kuma masu taron kansu. Mutum zai zo ya ce maka baƙinsa ɗari biyu ne. Ba na yi masa musu. Sai in sa a kawo masa ruwa, mu yi hira. In tambaye shi 'ya'yansa mata nawa ke aure a wasu garuruwa. In tambayi mutanen unguwarsu ko mai zuwa jana'iza da suna ne. Mutumin da ƙafarsa ba ta zama, ranar taronsa duk inda ya taɓa zuwa sai an rama masa. Irin wannan in ya ce ɗari biyu, kujera ɗari huɗu nake lodawa, in bar rabi a mota a bayan gida, kada ya ga kamar na ƙaryata shi.

Wannan lissafin ban iya shi da kyau ba sai da na fara aiki da Inna Hajo. Mai girkin taro ce daga Lahodu, ta girme ni nesa, kuma duk babban aikin da na samu ita nake kira. Tana da abin da take ce wa tukunyar baya. Duk yawan tukwanen da ke kan wuta, akwai wata guda can gefe da ruwa yana tafasa a cikinta, babu komai, ga katan ɗin taliya a rufe kusa da ita, ga wani kaso na miya da ta ɗebe ta ɓoye tun kafin a fara rabo. Masu gida sukan yi ƙorafi cewa ana ƙona itace a banza. Sai ta ce, "Itacen da ya ƙone a banza ba wanda zai ba da labarinsa. Baƙon da ya tahi da yunwa shina ba da labari har jikokinsa." Ba ta taɓa ɗaga murya ba, kuma ban taɓa ganin ta ji kunya ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ar nan ita ce wadda 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Rabah. Taro ya mutu. Aure sai a ɗaura shi a zaure da mutum biyar, a raba goro a watse. Suna sai a raɗa a cikin gida. Ba wanda yake son a ji lasifika ta tashi daga ƙofarsa. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin garin Rabah da abin da suka iya ɗauka. Rumfunana shida, huɗu na kai su wani fili inda masu gudun hijira suka sauka, domin rana tana dukan mata da jarirai, ni kuma a shago gara ce kawai take kallonsu. Kujeru na tara su na rufe. Na koma fadama na shuka albasa da shinkafa kamar kowa. Inna Hajo ta koma soya ƙosai a ƙofar gida. Haka muka yi damina biyu.

A wannan filin na san Malam Sahabi. Limamin wani ƙauye ne a ƙasar Rabah, ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba. Ƙarƙashin ɗaya daga cikin rumfunana yake jan mutanensa salla. Da abubuwa suka ɗan lafa a farkon damina ta biyu suka koma gida, suka gyara ɗakuna, suka yi noma, Allah ya ba su gero. Bayan an kai amfani rumbu sai ga shi a shagona.

Ya ce, "Malam Arzika, aure za mu yi, kuma da lasifika muke so."

Ango ɗan ƙanensa ne, Buhari. Amarya Adama, ɗiyar wani makiyayi ne mai suna Modi, daga rugar da ke bayan ƙauyen. Yaran sun daidaita tun kafin gudu, har an sa rana, sai abin ya faru. Mutanen ƙauye suka yi Rabah, mutanen ruga suka kora shanunsu wani wuri, Buhari ya tafi Goronyo neman abin yi. Shi da Adama, kowannensu an yi masa maganar auren wani, kowannensu ya ƙi. Yanzu duk an dawo. Amma tun dawowar, manoma da makiyaya ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Ana gaisawa daga nesa. Kowane ɓangare an kashe masa mutane, an kore masa dabbobi, kuma kowane yana da abin da yake zargi a ransa.

Malam ya ce, "In taron wanga ya yi kyau, garin ya dawo. In ya watse, ban san ranar da za mu sake tara su ba."

Na je kwana uku kafin ranar, na zaga kamar yadda na saba. Damina ta wuce, babu maganar ruwa. Filin ƙofar masallaci yana da faɗi, ƙasarsa tana riƙe turke. Ina tsaye ina auna inda inuwa za ta faɗi, sai iska ta buga wata ƙofar kwano, ta yi ƙara. Mata huɗu ne a bakin rijiya. Duk huɗun suka saki guga. Ɗaya har ta suri ɗanta ta yi taku uku kafin ta tsaya ta waiga. Nan na gane abin da zai iya watsa wannan taron ba iska ba ce, ba yunwa ba ce. Firgita ce. Mutum ɗari biyar in suka tashi da gudu a lokaci ɗaya, ko babu ɗan bindiga ko ɗaya, sai an tattake tsofaffi da yara.

Muka zauna a gindin wata bishiyar bedi, ni da Malam Sahabi da Ardo Labbo, shugaban rugar, wanda shi ne yayan Modi kuma shi zai ba da auren. Modi ma yana nan a gefe, dogo, marar magana, da sandarsa a kafaɗa. Da wasu dattawan ƙauyen biyu. Na gaya musu abin da na gani.

Malam ya yi murmushi ya ce, "To mi za ka yi wa tsoro, Malam Arzika? Shi ma kana da turken ɗaure shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni da shi. Amma ana iya rage abin da ke tashe shi."

Muka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Ba za a harba bindigar toka ta murna ba. Janareta zan kai shi can bayan masallaci da doguwar waya, don ko ya yi tari kada a ji. Igiyoyin rumfa ba za su gitta hanya ba, kuma kowace zan ɗaura mata ƙyalle don a gan ta. Wurin mata yana da ƙofa ɗaya, na ce a cire zana biyu daga dangar baya a yi ta biyu. Za a sanar da hukuma da 'yan sa-kai. Komai za a gama kafin la'asar, don baƙi su isa gida da rana. Babban abin shi ne babura. Waɗanda suka kore su daga garin a ayarin babura suka zo, kuma har yanzu kunnen kowa yana jin wannan ƙarar. Aka aika duk ƙauyen da aka gayyata cewa a zo bibbiyu ko uku-uku, kada a yi ayari.

Sannan na ce ina son mutum a kan tudun da ke kallon hanya, mai ido, wanda ya san fuskokin mutanen yankin. Waya a garin sai an hau tudu take kamawa, a ƙofar masallaci ba ta da tabbas. Don haka zan ba shi doguwar gora da farin ƙyalle. In ya ga taron mutane ya tabbatar na arziki ne, ya ɗaga fari. In ya ga abin da bai gane ba, ya kaɗa gorar babu ƙyalle, mu kuma mu fara fitar da mata da yara ta ƙofar baya, a natse.

Modi ya ce shi zai hau.

Ɗaya daga cikin dattawan ƙauyen ya gyara zama, ya ce ko dai a sa mutum biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Kowa ya gane abin da yake nufi.

Modi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, ɗiyata za a aurar. Tana cikin garin, uwarta tana cikin garin. Wa zai fi ni buɗe ido?"

Malam Sahabi ya ce, "Modi zai hau. Magana ta ƙare."

Ranar ta zo. Na raba kaya mota biyu, ɗaya ta kwana can, ɗaya ta taso da asuba, don in ɗaya ta lalace a hanya kada a rasa komai. Rumfa uku na kafa. Inna Hajo ta jera tukwanenta a bayan gidan Malam, da tukunyar bayanta a gefe tana huci. Mutane suka yi ta zuwa bibbiyu kamar yadda aka ce. Mutanen ruga suka shigo da shuɗin kaya da ƙoren nono a kan matansu. Da farko suka zauna a rumfar gefe su kaɗai. Ni kuwa da gangan na rage kujerun wannan rumfar na ƙara a ta tsakiya, don haka waɗanda suka zo daga baya dole suka gauraya. Janareta ya mutu sau ɗaya, ruwa ne a mai. Na mayar da lasifika kan batir na bar ta a nan, ba wanda ya lura.

Aka fara ɗaurin aure da hantsi ya ɗaga. Malam Sahabi ne wakilin ango, ya nema. Ardo Labbo ya karɓi makirfo ya ce ya ba da Adama ga Buhari. Bai rufe baki ba sai muka ji ƙarar.

Ta hanyar Goronyo take tahowa. Ba babur biyu ba, ba biyar ba. Ƙura ta tashi a bayan tudu. Taron nan gaba ɗaya ya yi tsit, irin shirun da kake jin numfashin na kusa da kai. Sannan kujera ta faɗi a baya, wata ta bi ta. Maza suka fara miƙewa. Daga wurin mata na ji ana kiran sunayen yara. Na duba waya, babu sabis. Na ɗaga kai na dubi tudu. Babu Modi, babu gora.

Na riƙe hannun Malam na ce, "Malam, kada ka tashi. In ka tashi kowa ya tashi." Ya zauna, leɓensa yana motsi. Ardo ma ya zauna daram, da makirfo a hannu. Ban san tsawon lokacin ba. A ƙidayar agogo bai kai komai ba. Sai ƙarar baburan ta ɗauke ɗif, kamar an rufe ta da murfi. Wannan ya fi ƙarar ban tsoro. Sannan na ga gora ta taso daga bayan tudu, da farin ƙyalle a kanta, ana kaɗa shi hagu da dama.

Na karɓi makirfo daga hannun Ardo na sa a bakin Malam. Ya yi magana da irin muryar da yake jan salla da ita, wadda suka saba ji shekara da shekaru.

Ya ce, "Jama'a, ku zauna. Modi ya ɗaga fari. Baƙi ne na arziki. Kowa shi dubi tudu."

Ardo ya maimaita da Fillanci. Kawuna suka juya. Waɗanda suka kai bakin hanya suka tsaya. Wasu suka zauna a bakin kujera, ƙafa ɗaya a shirye.

Sai ga su sun ɓullo. Modi a gaba da gorarsa, a bayansa maza sun fi talatin, cikin manyan riguna da huluna, kowa yana tura babur ɗinsa da hannu cikin yashi, gumi yana zuba. Ɗaya ya ɗaure rago a bayan babur, ragon yana kallon jama'a. Biyu sun ɗauko buhunan albasa. Ashe abokan Buhari ne daga kasuwar albasa ta Goronyo, inda ya yi aikin lodi a damina biyun nan. Ba wanda ya gayyace su, don haka saƙonmu bai kai gare su ba. Sun ji labari ne suka ce za su ba shi mamaki. Modi da ya hango su bai gane fuska ko ɗaya ba. Maimakon ya kaɗa gora, ya ga rago da manyan riguna, sai ya sauka ya tsaya a tsakiyar hanya shi kaɗai da sandarsa. Ya tambaye su sunan ango da sunan ubansa. Suka faɗa. Ya ce to kowa ya kashe inji, garin nan da ƙafa ake shigarsa yau.

Wani ya fara dariya a rumfar tsakiya, sai ta bazu. Na ga dattijon nan da ya nemi a sa mutum biyu yana dariya har da hawaye, ya dafa kafaɗar wani makiyayi da ke kusa da shi. Aka nemi wanzamin garin aka rasa, sai can ga shi yana fitowa daga rumbun maƙwabta, ƙaiƙayi har gira. Ya ce shi dama ya daɗe yana son ya duba ko geron bana ya bushe da kyau.

Laifin nawa ne, kuma na faɗa a gaban dattawa daga baya. Na tambayi dangin ango, na tambayi dangin amarya, ban tambayi inda angon ya zauna a shekarun gudu ba. Mutum ba ya zama wuri damina biyu bai yi mutane ba.

Da aka natsa, Ardo Labbo ya jawo makirfo ya ce, "Malam, ina munka tsaya? Ni dai na ce na ba da. Ban ji an ce an karɓa ba."

Malam Sahabi ya ce, "Na karɓa, Ardo. Na karɓa, tun wasu ba su sake tahowa ba."

Aka shafa fatiha cikin dariya. Guɗa ta tashi daga cikin gida, kuma ba wanda ya firgita.

Na sauke ragowar kujerun da ke mota. Na leƙa wurin Inna Hajo in gaya mata an ƙaru, na tarar taliya ta riga ta shiga tukunyar baya, ta sa an farke buhun albasar baƙin ana yankawa. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Na ji ƙararsu kafin kai." Ta zuba kwano na farko, ta ɗora cinya a kai, ta ce a kai wa uban amarya, tunda shi kaɗai ne bai ji an ɗaura auren ɗiyarsa daga farko ba. Dattijon nan da ya nemi a sa mutum biyu, shi da kansa ya karɓi kwanon ya kai masa.

La'asar ta yi, baƙin nesa suka kama hanya kamar yadda aka tsara. Mutanen Goronyo suka tura baburansu har bayan tudu kafin su tayar. Amma mutanen gari da na ruga suka ƙi tashi. Na cire rumfa ta farko, suka matsa ta biyu. Na cire ta biyu, suka cunkushe a ta uku, ana ta hira, ana tambayar wane yana ina, shanun wane nawa suka rage, wa ya haihu a gudun hijira. Na tsaya da guduma a gindin turke. Malam Sahabi ya zo ya ce in bar musu wannan ɗin zuwa gobe, a kai amarya tukuna. Na ce to, zan dawo bayan mako.

Bayan mako na koma da akori-kura. Tun daga tudu na hango mutane a ƙofar masallaci, na ce ko wani taron ake ba a gaya mini ba. Da na matso sai na ga mahauci ya rataye nama a ƙarfen rumfata. Matan ruga uku sun jera ƙoren fura da nono. Wani tela ya kawo kekensa. Mai gishiri da magi ya shimfiɗa buhu. Kasuwar garin, wadda ba ta ci ba tun ranar da aka gudu, ita ce take ci a ƙarƙashin tamfol ɗina.

Mahaucin ya gan ni, ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Malam Arzika, lafiya? Mi ka zo yi da mota?"

Na ce na zo ɗaukar kayana.

Ya dubi rumfar, ya dubi masu nono, ya ce, "To in ka cire ta, ina za mu kai kasuwa?"

Na zaga na taka turakun ɗaya-ɗaya, na ƙara buga biyu da suka yi sanyi. Na sake igiya guda da ta fara cinyewa. Na nuna wa mahaucin da telan yadda ake sassauta tamfol a sauke shi in iska ta taso, da yadda ake naɗe shi kada ruwa ya kwanta a ciki. Na koma Wurno da mota babu komai sai tsire a takarda da ƙwaryar nono daga rugar Modi.

Tana can har yau. Sun sake mata tamfol sau biyu da kansu. In ka gamu da mutumin garin ko na rugar a hanya ranar kasuwa ka tambaye shi ina za shi, ba ya ce maka kasuwa. Sai ya ce za shi Rumfar Arzika.